Wuƙar Daji da Wuƙar Fiɗa: Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓe, Washi da Adanawa

A gidan fawa na tashi. Tun ban isa riƙe wuƙa ba nake riƙe wa mahaifina ƙafar rago, kuma dutsen da nake washi da shi yau nasa ne. Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, ko kaka ta wuce masu fita daji suka fara shiri, kusan tambayoyi iri ɗaya ake kawo mini. Ga su nan na tara, na amsa gwargwadon abin da hannuna ya sani.

Malam, ba zan iya sayen wuƙa ɗaya babba da za ta yi mini komai ba?

Za ka iya saye, amma ba za ta yi maka komai ba. Yanka aikinsa daban, fiɗa daban, saran ƙashi daban, kuma abin da ɗaya yake so a jikin ƙarfe shi ne ɗayan yake ƙi. Fiɗa tana son baki siriri mai laushin shiga. Sara yana son baki mai kauri da nauyi a gaba. Ka ɗauki siririn baki ka kai wa ƙashin cinyar sa, giɓi za ka gani. Ka ɗauki mai kaurin ka shiga tsakanin fata da nama, sai ka danna da ƙarfi kafin ta ci, kuma wannan dannawar ce take huda fata.

Ka je kwata da asuba ka tsaya ka kalli mahauci. Akwai doguwar wuƙar yanka, akwai gajeruwar fiɗa, akwai adda ko gatari na ƙashi, babu wadda take shiga aikin 'yar'uwarta. Mai shiga daji da ba ya son kaya, biyu sun ishe shi: mai nauyi ɗaya ta sassaƙa da saran reshe da raba gaɓa, sai 'yar ƙarama ta fiɗa wadda ba ta taɓa itace.

To yaya siffar wuƙar fiɗa ta gari take?

Tsawon bakinta, ban da ƙota, ya kama daga santimita 10 zuwa 15. Na akuya da rago da ƙananan namun daji, 10 zuwa 12 ya wadatar. Ta sa ce take kaiwa 15. Kaurinta a baya kada ya wuce milimita 2 zuwa 3.

Abin da ya fi tsawo muhimmanci shi ne ciki. Bakin ya zama ya yi lanƙwasa kamar jinjirin wata, domin da wannan cikin ake fiɗa. Tsinin kuma ya zama ya ɗago sama ko ya ɗan dunƙule, kada ya yi kamar na mashi. Wuƙa miƙaƙƙiya mai tsini, irin ta yanka albasa, duk inda ka juya hannu tsininta ne yake fara isa fata. Wannan siffa mai ciki ba a wuri ɗaya aka gano ta ba. Masu fiɗar ɓaunar Amurka a ƙarni na 19 irinta suka riƙe, wadda masana'antar John Russell ta riƙa ƙerawa a bakin kogin Green River, kuma har yau kamfanoni irin su Victorinox na Suwizalan da F. Dick na Jamus a kan wannan siffa suke yi wa mahauta. Maƙerinmu na gida ma idan ka ce masa ta fiɗa kake so, abin da zai buga maka ke nan.

Ita kuma wuƙar daji mai nauyi, me zan duba?

Ka fara da abin da ido ba ya gani da sauri, wato wutsiyar ƙarfen da ta shiga cikin ƙota. Wadda za ta jure aikin ƙarfi ita ce wadda ƙarfenta ya zarce tun daga tsini har ƙarshen ƙota da faɗinsa, aka manna itace gefe da gefe aka kafe da ƙusa biyu ko uku. Za ka ga layin ƙarfen yana zagaye ƙotar. Wadda aka soka siririyar wutsiya cikin itace tana yin aikin yanka lafiya lau, amma ranar da ka ce za ka buga bayanta da gungume don tsaga itace, a wuya take karyewa.

Kauri milimita 4 zuwa 5, tsawon baki santimita 13 zuwa 18. Abin da ya wuce haka ya shiga gonar adda, kuma adda ta fi ta iya wannan aiki da araha. A sami ɗan tudu ko kariya tsakanin ƙota da kaifi, don hannun da ya jiƙe da jini ko gumi kada ya zame ya hau baki.

Ka guji masu ƙyale-ƙyale: haƙoran zarto a baya, ramuka a jiki, ƙota mai rami wai ana zuba ashana a ciki. Haƙoran suna kama gashi da tsoka, suna wuyar wankewa, ƙota mai rami kuwa shaida ce cewa wutsiyar ƙarfen ba ta kai ko'ina ba.

Wuƙa mai naɗewa fa, irin ta aljihu?

Tana da ranarta, ta yanka igiya ko ɓare rake. Okapi da kakanninmu suka sani, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, ta yi wa mutane hidima sosai. Amma ban yarda a yi fiɗa da mai naɗewa ba sai dole. Jini da kitse suna shiga mahaɗarta su kwana, su yi wari, kuma idan makullinta ya saki a kan yatsunka take rufewa.

Ta maƙeri ta fi ko ta kamfani?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin mutane da yawa sun raina ta gida ba tare da sun san dalilin da ya sa wata take kyau wata take ɓaci ba.

Yawancin maƙeranmu da sifirin ɗin tsohuwar mota suke ƙera wuƙa mai nauyi, kuma wannan ƙarfe ne na ƙwarai. An yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo sau dubbai bai karye ba. Masu ƙera wuƙa a ƙasashen waje ma irinsa suke nema, wanda suke kira da lamba 5160. Wasu kuma da tsohon magagari suke yi, shi ya fi kaifi da riƙe kaifi, amma yana da gautsi, don haka ya fi dacewa da 'yar wuƙar fiɗa.

Inda aikin yake rabuwa shi ne wajen ba ƙarfe tauri. Bayan an gama bugu, sai a mayar da shi wuta ya yi ja daidai, a tsoma shi a mai ko ruwa ya huce farat ɗaya. A wannan lokaci ya yi tauri ƙwarai amma yana iya fashewa kamar kwalba. Dole a sake ɗumama shi a hankali, zafi kaɗan, wajen digiri 200, har jikinsa ya ɗauki launin karan dawa busasshe, sannan gautsin ya ragu taurin ya zauna. Maƙerin da ya gaji sana'a da ido yake gane wannan, a kan garwashin gawayin ƙirya. Wanda yake buga guda hamsin don ranar kasuwa sau da yawa tsallake matakin yake yi, ko ma ya yi da rodin gini wanda ba ya ɗaukar tauri ko an tsoma shi sau goma. Irin waɗannan ne suka ɓata wa wuƙar gida suna.

Ta kamfani abin da take ba ka shi ne tabbas: ta yau daidai take da ta jiya. Mora ta Suwidin, Tramontina ta Barazil, Victorinox, duk ba su da tsada idan aka kwatanta da aikinsu. Sai dai jabu ya cika kasuwa, kuma buga sunan Jamus a jikin ƙarfe ba ya mayar da shi na Jamus.

Ni dai ra'ayina, idan kana da maƙerin da mahautan garinku suke zuwa wurinsa, je ka ba shi aiki, ka faɗa masa tsawo da kauri, ka biya shi kuɗin da zai zauna ya yi a natse, kada ka tsaya ciniki kamar kana sayen lauje. Za ka sami wadda ta dace da hannunka, kuma in ta sami matsala ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Baƙin ƙarfe ko silba marar tsatsa?

Baƙin ƙarfe, wato mai sinadarin kabon zalla kamar wanda ake yi wa lamba 1095, yana saurin ɗaukar kaifi a kan kowane dutse, har dutsen bakin rafi. Aibinsa tsatsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ka zaɓe shi ka ɗauki alkawarin shafa masa mai.

Silba kuwa ƙarfe ne da aka haɗa da kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi yake hana shi tsatsa da wuri. Harry Brearley ne ya fito da shi a Sheffield ta Ingila a 1913. Mai kyau a cikinsa yana aiki sosai, ga sauƙin wankewa, shi ya sa manyan mayanka suka koma kansa. Amma na banza a cikinsa, irin mai sheƙi kamar madubi da ake tallarsa a baro, ba ya riƙe kaifi ko na rago ɗaya.

Idan ka ga an rubuta HRC da lamba a kwali, ma'aunin tauri ne. Daga 56 zuwa 59 shi ne daidai da aikinmu. Ƙasa da haka tana saurin dakushewa, sama da 60 kuma tana wahalar wasawa a dutsen gida, tana kuma yin giɓi in ta haɗu da ƙashi. Mai zama inda damina take da tsawo, ko masunci, silba ya fi masa. Mai yawo a busasshen daji da ɗan dutse a aljihu, baƙin ƙarfe.

Ina tsaye gaban mai sayarwa. Yaya zan gwada kafin in biya?

Ka tafi da ɗan magagari. Ka goga shi a hankali kusa da kaifi: in ya zame yana ƙara siririya bai kama ba sosai, ƙarfen ya sami tauri, in ya nutse yana ci kamar a jikin ƙusa, ajiye ta. Ka ɗaga ta saitin idonka ka duba tun daga ƙota har tsini ko ta miƙe. Ka duba bakin da kyau a rana, ko akwai siririn layin tsagewa, musamman a ta maƙeri da aka tsoma a ruwa. Ka riƙe ƙota ka girgiza, kada ka ji motsi ko kaɗan. Sannan ka riƙe ta yadda za ka yi aiki, ka juya kaifin sama, ka juya shi ƙasa, ka ji ko akwai inda take cizon tafin hannu. Abin da ya ɗan dame ka a minti ɗaya, bororo zai zama bayan fiɗar sa guda.

Kada kaifin da ka tarar a shago ya ruɗe ka. Ko gwangwani aka wasa zai aske gashi sau ɗaya.

Wace ƙota ce ta fi?

Wadda ba ta santsi in ta jiƙe. Itace mai tauri kamar ƙirya ko marke ko kanya yana daɗewa, kuma a bar shi da ɗan kaushinsa, kada a shafe shi da fenti mai sheƙi. Ƙaho yana da kyan gani amma da kitse ya taɓa shi sai ya zama kamar sabulu. Robar da kamfanoni suke yi wa wuƙaƙen mahauta ba ta da kyau a ido, amma ta fi kowacce tsafta da kama hannu.

Ƙotar itace tana shan wahalar hunturu: ta bushe, ta tsuke, ƙusoshi su saki. Ka riƙa shafa mata man kaɗanya, kuma kada ka bar ta kwance cikin ruwa.

Koya mini washi. Kullum ina gogawa amma ba ta ci.

Matsalar kusan kowa ɗaya ce: hannu yana rawa, kwanciyar wuƙar a kan dutse tana canzawa a kowace gogawa, sai bakin ya dunƙule maimakon ya tsaya.

Ka sami dutse mai fuska biyu, gefe mai kaushi da gefe mai laushi. In da lambar da ke nuna kaushinsa a jiki, wajen 400 da wajen 1000 sun isa. Ka jiƙa shi da ruwa, ka ɗora a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya gudu. Dutsen da aka saba masa da mai a ci gaba da mai, wanda aka saba masa da ruwa a ci gaba da ruwa.

Ka kwantar da wuƙar, sannan ka ɗaga bayanta har ta yi kusan digiri 20 da dutsen. Ba sai ka nemi ma'auni ba: ka ɗaga bayan kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin wuƙar. Mai faɗin santimita 3, bayanta ya tashi santimita 1. Ta fiɗa ka ɗan rage ɗagawar don bakin ya yi siriri, ta sara ka ɗan ƙara don ya yi ƙarfi. Ka kafe wuyan hannunka, motsin ya fito daga kafaɗa, ka tura kamar kana son feffere fuskar dutsen, tun daga gindi har tsini. Idan ka iso inda bakin ya lanƙwasa, ka ɗan ɗaga gwiwar hannu don cikin ya taɓa dutse. Nan ne mutane suke tsallakewa, alhali nan ne wurin aikin.

Ga abin da ba a faɗa wa masu koyo: kada ka juya ɗaya gefen sai ka ji leɓe. Idan ka ci gefe ɗaya har ya kai ƙarshen baki, wani ɗan siririn leɓen ƙarfe yana lanƙwasowa ta ɗaya gefen. Ka shafa babban yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki, a gicciye, ba a tsawon kaifi ba, za ka ji yana kama fatar yatsa. Sai ka ji shi tun daga gindi har tsini sannan ka juya ka yi wa ɗaya gefen haka. In ba ka ji leɓe ba, kafaɗar bakin kawai kake ci, ko ka kwana kana gogawa.

Daga nan ka koma gefe mai laushi, ka sassauta hannu, ɗaya nan ɗaya can, kana rage nauyi har ya zama nauyin wuƙar kaɗai. Ka ƙarasa a kan tsohon bel ko guntun fata, kana jan ta da baya, kaifi yana bin baya, sau goma sha biyar kowane gefe, leɓen ya fita. Gwaji: ta yanka takarda ba tare da ta yage ba, kuma in ka kalli bakin a rana kada ka ga wani wuri yana ƙyalli. Kaifi na gaske ba ya mayar da haske.

Mai koyo ya shafa tawadar maka a bakin kafin ya fara. Inda tawadar ta goge, nan dutse yake ci.

Kuma don Allah ba a fafe gora ranar tafiya. A wasa tun ana saura kwana biyu Sallah, ba bayan an sauko daga Idi an kayar da rago ba.

Masu injin washi da suke zagayawa fa?

Ga adda da gatari, babu laifi. Wuƙar fiɗarka kuwa kada ka ba su. Dutsen inji yana gudu a bushe, bakin wuƙa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafin da ya wuce wanda maƙeri ya daidaita ta da shi. In ka ga bakin ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi, taurin wurin ya tafi, kuma ba ya dawowa sai an cinye wurin gaba ɗaya. Na taɓa ba wani mai inji wata wuƙa da na gada, ina tsaye ina kallon tartsatsi, kafin in ce ya isa tsinin ya yi shuɗi. Wata uku ina bin ta da dutse kafin in iso lafiyayyen ƙarfe, kuma ba ta koma siffarta ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

In dole ne, a riƙa tsoma ta a ruwa bayan kowace taɓawa.

Ina cikin fiɗa sai ta daina ci. Me ya jawo, kuma yaya zan kauce wa huda fata?

Gashi da ƙasa su ne abokan gabar kaifi, sun fi ƙashi ma, domin gashin dabba cike yake da yashi. Saboda haka idan za ka tsaga, ka ɗan huda, ka juya kaifin yana kallon sama, ka sa yatsu biyu a ƙarƙashin fata suna yi wa tsini jagora, ka yanko daga ciki zuwa waje. Ta haka ba ka yanka gashi, ba ka kuma fasa tumbi. Layi ɗaya miƙaƙƙe daga wuya ta tsakiyar ƙirji da ciki har gindin wutsiya, sannan na ƙafafu su zo su same shi.

Sau da yawa ma ba dakushewa ta yi ba, kitse ne ya lulluɓe bakin, ko bakin ya ɗan kwanta gefe. Ka goge ta da tsumma da ruwan zafi, ka ja ta sau biyar-shida a kan ƙarfen gyaran baki irin na mahauta ko a kan fata, za ta farfaɗo.

Game da huda fata, ga abin da mahaifina ya nanata mini har ya zauna: a akuya da rago, wuƙa buɗe hanya kawai take yi, hannu ne yake fiɗa. Da ka buɗe ƙafafu da ƙirji, ajiye ta, ka dunƙule hannu ka riƙa turawa tsakanin fata da nama. Masu hura iska ta ƙafa don fata ta saki, su yi da famfon keke, kada su sa baki. A sa kuwa dole sai da wuƙa: hannun hagu ya ja fata ta miƙe tsaf babu tattara, wuƙa ta kwanta, cikinta ya riƙa shafar farin tantanin da ke tsakani da dogon ja. Gajeren tsattsaga da tsini shi yake barin zane a cikin fata, kuma wannan zanen ko bai huda ba, a majema yake buɗewa.

Ba ƙaramin abu ba ne. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana cikin fatun da duniya ta fi daraja; ita ce ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka sa mata sunan Maroko. Masu saye suna kasa fata daraja-daraja, huda ɗaya a tsakiya tana sauke ta daga ta ɗaya zuwa ta ƙasa. In ka gama, ka kankare kitse, ka zuba gishiri sosai a cikinta kafin awanni su ja, ka ajiye a inuwa. Ko sadaka za ka bayar da ita, kamar yadda ake yi da fatar layya, ka bayar da mai amfani.

Ta yanka fa, akwai abin da ya keɓanta da ita?

Ta zama doguwa, miƙaƙƙiya, babu giɓi ko ɗaya, tsawonta ya zarce faɗin wuyan dabbar sosai don ta yanke maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu ba tare da an ɗaga hannu ba. Hadisin Shaddad bin Aus da Muslim ya ruwaito ya umarce mu da kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Malamai kuma sun hana a wasa a gaban dabbar. Wannan wuƙa kada ta yi wani aiki a gida. A wanke, a shafa mai, a naɗe, a ɓoye ta inda ba za a ɗauka a yanka kabewa ba.

Yaya zan hana tsatsa, kuma in ta riga ta kama fa?

Jini yana da gishiri, cikin sa'a guda yake fara cin baƙin ƙarfe. Da ka gama, wanke da ruwan zafi da sabulu, goge ta bushe ƙarau, ka shafa mai kaɗan. Man kaɗanya ko basilin sun fi. Man gyaɗa yana yi in za a yi amfani da ita kwanan nan, amma in ta daɗe a ajiye yana danƙo yana wari. Baƙin mai na inji kada ya kusanci abin da zai taɓa nama.

Duhun da baƙin ƙarfe yake yi, toka-toka ko shuɗi-shuɗi, ba tsatsa ba ne, kariya ce ma, a bar shi. Jar tsatsa ce ake cirewa: toka da ɗan ruwa a kan tsumma, ko lemun tsami na 'yan mintoci sannan samfefa mai laushi. A wanke tsamin tas a shafa mai nan take.

A cikin kube zan ajiye ta?

Kube na tafiya ne. In za ta kwana biyu ba a taɓa ba, musamman da damina, a zare ta a naɗe a tsumma mai ɗan mai. Fata tana riƙe laima, kuma bagaruwar da aka jeme ta da ita tana cin ƙarfe. Ai da wannan haɗuwar ta ƙarfe da jima ne dukawa suke samun baƙin kuloko.

Wajen ɗinki, ka ce wa baduku ya sa fata mai kauri, ya kuma sa wani siririn yanki tsakanin ɓangarorin biyu ta gefen kaifi, don bakin ya kwanta a kansa maimakon ya yanke zare. Kuben ya kama ta yadda in ka kifa shi ba za ta faɗo ba. Kada ka taɓa mayar da ita da jini a jiki, domin cikin kube ba ya wankuwa.

Akwai haɗarin cuta?

Akwai, kuma an fi sakaci da shi. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko dubura, kada a sa mata wuƙa ko don fata. Alamar ciwon saifa ce, wato antiraks, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023, kuma ta fiɗa yake kama mutum. A kira likitan dabbobi. Masu kama gafiya da ɓeraye su tuna da zazzaɓin Lassa. Mai rauni a hannu ya rufe shi ko ya sa safar hannu. A manyan mayanka a ruwa mai zafin digiri 82 ake tsoma wuƙa tsakanin dabba da dabba. A gida tafasasshen ruwa ya wadatar, a kuma wanke ta bayan fata kafin ta shiga nama.

In ka yanke, ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ka danne da tsumma mai tsabta, ka ɗaga hannun sama. Kada a zuba ƙasa ko toka ko fetur. In ya yi zurfi, ko yatsa ya ƙi motsi, ko ka daɗe ba ka yi allurar tetanus ba, asibiti kai tsaye.

Zan iya yawo da ita a jikina?

A daji da gona, a ƙugu cikin kube. A cikin gari, da halin da ake ciki na faɗan daba da ƙwacen waya, ka naɗe ta ka sa a ƙasan jaka tare da sauran kayan aikinka, ka fito da ita sai inda za ka yi aiki. Ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu. Mafarauta kuma su sani wurare irin su Yankari an haramta farauta a cikinsu, kuma akwai namun da doka ta hana kashewa ko'ina.

Bakin ya yi giɓi, tsinin kuma ya karye. Ta mutu ke nan?

Ba ta mutu ba. Ƙaramin giɓi, ka tsayar da bakin a kan dutse mai kaushi ka ci shi gaba ɗaya har giɓin ya ɓace, sannan ka sake fitar da kaifi daga farko. Kada ka bi giɓin shi kaɗai, za ka yi wa bakin rami. Tsinin da ya karye ta baya ake gyara shi: a ci bayan wuƙar a gangaro da shi har ya haɗu da kaifi, cikin ya zauna yadda yake. Sau da yawa wadda aka yi wa haka ta fi kyan fiɗa fiye da da.

Wadda ba ta gyaruwa ita ce mai tsagewar da ta ratsa jiki, ko wadda ta karye a wuya inda ƙarfe ya shiga ƙota. Walda tana kashe taurin wurin, kuma a hannunka za ta sake karyewa. Irin wannan a kai wa maƙeri ya yanke lafiyayyen ɓangaren ya fitar da 'yar ƙarama ta raba gaɓa da gyaran kai da ƙafa.